Rabin Kofin da Na Juye a Kasko

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan. Littafin da na saya dominsa ya yi wata biyar a ƙarƙashin matashina. Sau uku ina buɗe shi, in rubuta "Ni dai", in rufe. Karatuna a firamare ya tsaya, ina tsoron masu ilimi su gani su yi mini dariya. Na fi ma tsoron matan zumuntar cocinmu su karanta su gane ni, don a Kafanchan ko tari ka yi a bayan katanga an san mai shi. Amma akwai tambayar da na rasa mai amsa mini, shi ya sa na ce bari in kai ta gaban mutanen da ba su san fuskata ba.

Sai na fara da alkawarin, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya sa tsohuwa kamata take damuwa da rabin kofi ba.

A Kagoma aka haife ni. Mahaifiyata burukutu take dafawa, da shi ta ciyar da mu. Aikina tun ina ƙarama shi ne wuta: in kawo itace, in tura, in tsaya gindin manyan tukwane hayaƙi yana cin idona. Babana shi ne mai fara ɗanɗanawa, shi ne kuma mai ƙarasawa. Na sha zuwa gona in same shi kwance tsakanin kunyoyin citta yana yi wa kaji wa'azi. Mutumin kirki ne, Allah ya ba shi hutawa, amma kunyar da na sha a kansa ba kaɗan ba ce. Ranar da aka yi mini baftisma a rafi, ina 'yar shekara goma sha bakwai, na ɗago da ruwa a hancina na yi wa Allah alkawari a zuciyata cewa giya ba za ta taɓa shiga bakina ba, ko ɗigo. Ba wanda ya sa ni.

Na riƙe alkawarin nan fiye da shekara arba'in. Maganin tari ma ba na sha sai an karanta mini abin da ke jikin kwalbar. In za a yi mini allura, aka goga audugar nan mai wari, sai in riƙe numfashi har a gama. Haka Allah ya yi ni. Ni ce mai juyowa daga ƙofar coci in koma gida in ja kwaɗo, in taɓa murhu ko da na san da hannuna na zuba masa ruwa.

'Yata ta biyu nas ce a Legas. Da ta haihu na je na yi mata jego wata uku. Ana saura kwana huɗu in dawo ta ce, "Mama, ba za ki koma ba ki ga teku ba. Wata uku ba abin da kika gani sai kwata da bokitin wanka." Ita da mijinta suka kama mana ɗaki na kwana biyu a wani masauki can bayan gari, a bakin ruwa. Na kawo dalilai: jariri zai sha iska, hanya ba kyau, ban zo da takalmin da ya dace ba. Ba wanda ya saurare ni.

Da yamma muka isa. Na sauko daga mota, na ga abin, na kama itacen kwakwa na riƙe. Na tambayi 'yata ina ɗaya gefen yake, ta ce babu. Na san rafi, na san inda ruwa yake faɗowa daga dutse a wajenmu, amma duk waɗannan suna da inda za su. Wannan kuwa ya zo da gudu, ya tsaya, ya koma kamar ya manta wani abu, ya sake dawowa, kamar ni da kwaɗon ƙofata. Suka yi ta kirana in zo in taɓa da ƙafa. Na ce daga nan ma ina gani sarai. Ku riƙe wannan: ranar farko ko yashi mai jiƙa ban taka ba.

Da safe 'yata ta ce ta sa sunanmu a ajin koyon girki.

Na ce, "Ni za a koya wa girki? Ni da ake ba babbar tukunya a coci ranar godiyar kaka?"

Ta ce, "Na Italiya ne, Mama. Ki zo dai, in ba ki so ki zauna ki yi ta gyara musu kuskure."

A ƙarƙashin wata rumfar ciyawa ake yi, gefe ɗaya a buɗe yana kallon ruwan. Mu takwas ne, yawanci matan Legas masu dogayen farce. Aka ɗaura wa kowa farar rigar girki a ƙugu. Malamin wani tsohon Bature ne mai tumbi, farin gashi har cikin kunne. Ɗan Italiya ne, wai tun yana saurayi ya zo yana dafa wa masu gina hanya abinci, ya zauna a sansanoninsu a Arewa, daga nan bai koma gida ba. 'Yata ta raɗa mini da Hausa in daina goge teburin da bakin zanena, sai kawai ya juyo.

"Sannu, Mama! Daga ina ka fito?"

Saura kaɗan in zauna a ƙasa. Na ce, "Kafanchan."

Ya ɗaga hannu biyu sama. "Kafanchan! Jirgin ƙasa! Doya! Kasuwar alade!"

Hausarsa irin ta tsofaffinmu na ƙauye ce, mace da namiji duk "kai" ne. Nan take na ji kamar na haɗu da wani kawuna da ya ɓace. Daga lokacin ya raɗa mini Mama Kafanchan.

Ya sa kowa ya tara fulawa a kan tebur, haka tsirara ba kwano, a yi rami a tsakiya, a fasa ƙwai a ciki. Na tambaya ko an wanke teburin da sabulu, ya ce sau biyu. Na tambaya ƙwan ba zai gudu ba, ya ce in na yi masa katanga mai kyau ba zai gudu ba. Na yi katanga mai kyau. Ina sa cokali ta ɓalle ta gefe, ƙwai ya kama hanyar bakin tebur, na tare shi da gwiwar hannu, na tare wani da cikina. Baturen ya yi ihu, "Ambaliya a Kafanchan!" Dariya ta ƙwace mini, irin wadda ban shirya mata ba.

Da aka zo murza kwaɓin kuwa, hannun da ya yi shekaru yana tuƙa tuwon acha bai jira a koya masa ba. Masu farce suna dangwala nasu da yatsa biyu, nawa har ya yi santsi kamar kumatun jikana. Ya zo ya danna da babban yatsa, ya ce, "Yauwa. Rufe shi, bari ya yi barci."

Sai ya shiga ciki ya fito rungume da wani abu a lulluɓe da ƙyalle, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tiren baiko. Ya yi dogon bayani da Turanci, 'yata tana juya mini: wai daga garin kakarsa aka kawo, wai sai an yi hankali da shi. Ya yaye ƙyallen.

Jama'a, injin Hajiya ne!

Hajiya maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Kakanninta kasuwanci ya kawo su Kafanchan tun zamanin da jirgi yake jirgi. Taliya 'yar murji take yi, ta sa mata manja da yaji. Shekara ashirin ke nan, in na gama aikina da la'asar nakan shiga wurinta mu yi hira ina juya mata hannun inji. To, ga shi nan a gabana a bakin teku, har ɗan maɗaurin da ake matse shi a jikin tebur iri ɗaya. Kafin Baturen ya gama bayani na ɗaure shi, na barbaɗa fulawa, na buɗe bakinsa a mafi faɗi, na tura kwaɓi, na ninka, na sake turawa, ina rage bakin kaɗan-kaɗan. Kwaɓin ya fito dogo kamar ɗankwali.

Ya tsaya baki buɗe. "Wa ya koya maka?"

Na ce, "Hajiya."

"Hajiya ya je Italiya?"

"Hajiya ko Zonkwa sai ta yi shekara ba ta je ba."

Ya sumbaci yatsunsa ya watsa su sama. Ya ce in zagaya in taimaki sauran. Ni da na tsaya a aji shida, ga ni ina bin matan da suka zo da manyan motoci ina cewa, "A'a, madam, ba haka ba, sa fulawa." Taliya ta cika ko'ina. Na rataya a hannuna, na rataya a bayan kujera, ina ta waige ina neman igiyar shanya, sai ya ce ba a shanyawa, ɗanya za ta shiga tukunya. Kaina ya kumbura har ina jin ɗankwalina ya matse ni. Ina so a rubuta wannan ma a gefena: na fara dariya tun kasko bai hau wuta ba.

Aka zo miya. An ajiye wa kowa tire da ƙananan kofuna, komai an auna: man zaitun, tafarnuwa, yankakken tumatir, ɗanyen jatan lande manya kamar yatsana, wani ganye mai ƙamshin ɗoɗɗoya, sai rabin kofi na wani ruwa garai-garai mai ɗan rawaya, kamar ruwan lemon tsami da aka tace. Baturen ya tsaya a tsakiya yana ba da umarni kamar mai koyar da mawaƙa. Mai! Tafarnuwa! Jatan lande! Sannan ya ɗaga ƙaramin kofin ya ce, "Yanzu! Zuba!"

Na juye. Kasko ya ce caaa, tururi ya buge ni a fuska.

A cikin tururin nan na ji warin ɗakin mahaifiyata da safiyar ranar da masu sha suke zuwa. Bai daɗe ba, kamar mutum ya gifta ta bayan taga. Amma hancina ya gane shi. Ga laifina, ba zan ɓoye ba: 'yata tana tsaye kusa da ni, kalma ɗaya ta isa. Har na buɗe baki. Sai Baturen ya yi kira, "Mama Kafanchan, juya, juya! Kowa ya dubi hannun Mama!" Kowa ya juyo yana kallona. Daɗi ya yi mini yawa, ban so ya ƙare ba. Na rufe bakina, na ce wa zuciyata tsami ne kawai, na ci gaba da juyawa.

Aka haɗa tebura muka zauna. Aka kawo kwalabe, ya bi yana zuba wa mutane. Ni kuwa na kife kofina yadda na saba a kowane biki, na ce a ba ni ruwa, har ina jin kaina wata tsayayya. Sannan na sa cokali mai yatsu a taliyar da na murza da hannuna. Tsakiyarta da ɗan tauri, a gida da na ce ba ta nuna ba, amma miyar ta kama ta ta ko'ina. Ban san jatan lande yana da zaƙi ba sai ranar, don busasshe kawai na sani. Na cinye, na ƙara, na sa burodi na suɗe farantin har ya yi kamar an wanke.

Abin da ya biyo baya, da ba don yana cikin wayar 'yata ba da na musa.

Na tashi. Na cire takalmi na jera su a ƙarƙashin kujera. Na fara tafiya wajen ruwan, tafiyar ta zama sauri, saurin ya zama gudu. Ni da gwiwata take hana ni hawa matakalar coci sai na dafa! Iska ta ɗauke ɗankwalina ban ko waiga ba. Ruwan ya zo ya same ni a ƙafa, sanyi, ya janye yashin da ke ƙarƙashina har na ji kamar ƙasa tana tafiya da ni. Na yi ihu. Wani babban ruwa ya taso, na tsaya ina masa faɗa, ya ɗauke ni ya zaunar da ni daɓas, ƙafafu sama. Ya shiga bakina. Na ɗago ina tofarwa, na ƙwala wa 'yata kira, "Ke! An riga an sa masa gishiri! A kawo taliya kawai!"

Na miƙe na kama waƙar zumunta, wadda muke yi in za mu fita da rawa, ina kaɗa hannu kamar ina riƙe da kacau-kacau. Baturen ya fito da murafan tukunya biyu yana buga mini. Biyu daga cikin masu farce suka tattare riguna suka shigo, muka kama hannu, ruwa ya watsar da mu gaba ɗaya. Surukina, mutumin da wata uku ban yarda ya ga ina tauna ba, yana tsaye da jariri a kafaɗa yana kallon uwar matarsa tana birgima a yashi. 'Yata tana riƙe da waya, dariya ta hana ta tsayuwa daidai.

Da na gaji na zauna inda ruwa yake ƙarewa, ina haki. Wata 'yar ƙaguwa ta fito daga rami tana tafiyarta ta gefe. Na sunkuya na ce mata, "'Yar'uwa, ina za ki a karkace haka? Ki bi hanya madaidaiciya mana." Har na ɗaga yatsa zan ƙara mata nasiha.

Sai na ga babana a kunyar citta da kajinsa.

Wani sanyi ya shige ni wanda ba na ruwa ba. Na tashi, zane yana manne mini, na je na ja 'yata gefe.

"Mene ne a ƙaramin kofin nan?"

"Wanne?"

"Kin sani."

Ta kashe wayar. "Ruwan inabi ne fari, Mama. Ɗan kaɗan ne. Wuta ta kore shi, ya bi tururi."

"Giya ce ko ba giya ba ce?"

"Da giya ce. Yanzu miya ce."

Na ce, "Ke 'yar nan, kada ki koya mini wuta. Kakarki sau biyu take tafasa burukutu, wuni guda yana kan murhu, ni nake tura itacen, kuma haka yake kayar da ƙato. Wannan minti nawa ya yi a kasko?"

Ta ce a makaranta an koya musu. Na ce a makaranta an taɓa dafa burukutu? Baturen ya ga fuskata ya zo, 'yata ta gaya masa. Ya dafa ƙirji ya ce, "Mama, yi haƙuri, ban sani ba. Amma ba komai, ya tafi! Ya tafi sama!" Yana nuna rufin rumfa. Na ce ai saman nan fuskata tana wurin.

Na dawo Kafanchan da yashi a cikin jakata da wannan abu a zuciyata. A cocinmu Lahadin farko na wata ake Jibin Ubangiji, a zagaya da tire kowa ya ɗauki ɗan burodi da ƙaramin kofi. Abin da ke cikin ƙananan kofunan jan lemo ne, mu mata muke haɗawa, babu komai a ciki. Da tiren ya iso gabana na tuna alkawarina, na miƙa wa ta kusa da ni ban ɗauka ba. Ta dube ni. Wata na biyu ma haka, na uku ma haka. A wajenmu in mace ta bar tire ya wuce sau uku, mutane sukan fara ƙirga mata zunubai. Matar fasto ta tare ni a bayan coci ta tambaya ko da wadda muke faɗa. Na ce a'a, Mama, ina dai bincika kaina.

Abin da ya fi damuna, duk lokacin da na durƙusa zan tuba, sai in tuna yadda ruwan ya zaunar da ni ƙafafu sama, dariya ta taso mini daga ciki. In danne ta, kafaɗuna su yi ta rawa. Yaya mutum zai tuba daga abin da yake ba shi dariya har yanzu?

Ƙarshe na hau mashin na tafi Kagoma wurin Inna, ƙanwar mahaifiyata. Ta tsufa tukuf amma har yanzu tana dafawa. Shekaru da yawa in na je daga tsakar gida nake gaishe ta, ba na leƙa wajen tukwane. Ranar na shiga har ciki na zauna a kan turmi, na ba ta labari tun daga fulawa har ƙaguwa. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Uwar zumunta ta bugu a teku! Kai, da Yaya tana da rai!"

Na ce, "Inna, ba abin dariya ba ne. Wata uku ban ci jibi ba."

Ta goge ido da bakin zane. "Ke da kika girma a gindin tukunya, ashe ba ki san komai ba. Wanda ake saukewa daga wuta, ba shi muke zuba muku a ƙoƙo kuna lasar baki ba? Wa ya taɓa faɗuwa a cikinku? Sai ya huce, a zuba masa tsohon burukutu, ya kwana, sannan yake yin haƙora."

Na tuna. Ɗumi-ɗumi, mai zaƙi, muna rige-rigen miƙa ƙoƙo. Ashe duk shekarun nan na ɗauka wuta ce take ba shi ƙarfi, don wuta ce aikina, sauran kuwa ba a sa ni a ciki.

Na ce, "To Inna, in an mayar da mai haƙoran kan wuta fa? Haƙoran suna zubewa?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Wane mahaukaci ne zai mayar da giya mai kyau kan wuta? Tun ina budurwa nake wannan aiki ban taɓa gwadawa ba, ba kuma zan ɓata tukunya saboda ke ba."

Na dawo da rabin kayan, rabi ya sauka. Washegari na kasa riƙewa, na shiga wurin Hajiya na zazzage mata komai. Ta saurara tana tankaɗe. Da na gama ta ce, "Maman Nas, ke dai kina son wahalar da kanki. A dafa shi babu wannan abin, mu ga ko za ki yi haukan. In kin yi, to halinki ne."

Ranar Alhamis muka yi, a tsakar gidanta. Da ta ga ina fasa ƙwai na huɗu a fulawa ta riƙe baki. "Ƙwai a taliya? Baturen nan gonar kaji gare shi?" Na nace sai a kan tebur, ba kwano. Na gina katanga, na yi mata bayani yadda aka yi mini. Ta ɓalle ta wajen Hajiya, ƙwai ya sauka a cinyarta. Man gyaɗa muka sa, da busasshen kirefish a madadin jatan lande, da ɗoɗɗoyar bayan ɗakina. A madadin rabin kofin na matse lemon tsami, Hajiya ta karɓa ta sansana da kanta tukuna. Na ɗaga shi sama na yi muryar Bature, "Yanzu! Zuba!" Ina juya baya ta barbaɗa yaji, wai don kada taliyar ta ji kunya.

Muna ci na nuna mata abin da ke cikin waya, don 'yata ta tura mini. Sau huɗu ta kalla. A na huɗu, daidai inda ƙafafuna suka tashi sama, kujerar tsugunno ta goce da ita ta zauna a ƙasa. Ta ce sai na nuna mata yadda aka yi. Na tashi na tsaya bakin rijiya ina yi wa teku faɗa, ita kuma ta ɗebo ruwa a roba ta watsa mini a ƙafa, na zube. Muka yi ta yi har Alhaji mijinta ya yi gyaran murya daga zaure ya ce, "Lafiya kuwa a ciki?" Muka toshe baki, abin ya ƙara ƙaruwa. Hajiya, wadda ko hanyar gidan giya ba ta bi, tana kwance a tabarma hawaye har kunne, ta ce, "Maman Nas, in wannan ce buguwa to ni ma na bugu, kuma da lemon tsami."

Lahadin farko da ta zo na ɗauki kofin. Kafin nan na gaya wa Allah abin da na tabbata nawa ne, cewa hancina ya faɗa mini na rufe baki don ana yabona. Wannan na tuba, kuma ban yi dariya a wurin ba. Sauran ne ban sani ba har yau.

Shi ya sa nake roƙon masu karatu abu biyu. Wanda ya san abin da gaske, ya gaya mini: rabin ƙaramin kofi, a kasko mai zafi, ya tafasa kamar tsawon baiti biyu na waƙa kafin a zuba tumatir, akwai abin da yake saura ko babu? Kada a lallashe ni. In akwai, da ƙafata zan je wurin dattawan ikilisiya, in fara ƙirga shekaruna daga ɗaya. Na biyu, in akwai wanda ya fara ganin teku da furfura a kansa, kuma ya tabbata ranar ruwa kaɗai ya sha, ina so in ji ko shi ma ya yi gudu, ko ya yi magana da wata dabba. A ba masu buga wannan labari amsar, sun san yadda za ta same ni. A taimaka kafin Kirsimeti, don 'yata ta ce za mu koma, ni kuma na riga na sayi zanen da ba ya riƙe yashi.